Kujerar Da Aka Kife

Kafinta yana cikin goge wani katako a rumfar aiki sai ya ji ƙugin mota a bakin ƙofar gida. Ya leƙa. Motar ɗaukar kaya ce, direban na buɗe bayanta. Ga kuma Nas ta ɗakin ƙarshe tana fitowa rungume da ƙaton kwali, ɗanta a goye yana ta rigima.

Ya tsaya da aikin. Tashi za ta yi ke nan.

Gidan nasu ba irin gidajen hayan nan ba ne da kowa ke jan ƙofarsa ya ci nasa. Iyalai ne suka haɗa kai suka tsara shi. Kowa da ɗakunansa, amma babban kicin ɗaya ne, injin wanki ɗaya, tsani ɗaya, ga lambu a tsakiya. Girkin yamma bi da bi ake yi, a ci tare a dogon tebur. To amma zo mu zauna, zo mu saɓa. Shi ya sa suka yi wata ƙa'ida: duk wanda ya kife kujera a ƙofar ɗakinsa, so yake a bar shi ya sarara. Ba ƙwanƙwasawa, ba aike, gaisuwa ma sai dai ɗaga hannu daga nesa.

Ita kuwa Nas, tun da ta tare kujerarta ke kife. Mijinta bai daɗe da rasuwa ba, sai kowa ya ce a bar baiwar Allah ta ji da abin da ke damunta. Hatta Rediyo, matar mai gyaran wuta, wadda bakinta ba ya zuwa hutu, in ta zo wucewa ta nan sai ta kame baki ta yi sanɗa.

Kafinta ya ajiye katakon, ya karkaɗe garin itace daga rigarsa. Bai taɓa karya ƙa'idar nan ba, amma yau ƙafarsa ta riga shi yanke shawara.

"Sannu, 'yata. Ki yi haƙuri, na ga kujerarki a kife take. Ina za ki da kaya haka?"

Ta dire kwalin, ta dube shi sama da ƙasa.

"Au, Baba, ashe kana magana?"

"Subhanallahi. Me ya yi zafi?"

"An ce mini nan gidan zumunci ne. Na baro inda maƙwabcina ko sunana bai sani ba, na zo nan. In na fito tsakar gida kowa sai ya sunkuyar da kai. Yara na wasa, ɗana ya nufe su, uwarsu ta janye su. Da yamma ina jin ƙarar cokula da dariya, ba wanda ya taɓa ce mini zo. Har na ce ko don a asibiti nake aiki, ana tsoron in kwaso muku cuta."

"To ai ke kika kife kujera, 'yata."

"Wannan? Ƙafarta ce ta karye wajen sauke kaya. In na tsayar da ita yaron nan hawa yake, ta kayar da shi. Na fito da ita ne ko za ka gani ka gyara mini. Kullum kana wucewa kana kallonta."

Ya gani kuwa. Ƙafar nan ta daɗe tana tsone masa ido, hannunsa har ƙaiƙayi yake, amma ya ɗauka da gangan ta zaɓi wadda ba ta da amfani. Ya dafe kai, ya kwashe ƙa'idar kaf ya gaya mata, sannan ya ɗaga murya.

"Rediyo! Fito! Ba ke kika yi wa baƙuwarmu bayanin gida ba?"

Rediyo ta fito da kumfar wanki har gwiwar hannu. "Ni? Ai Tela ce mai karɓar baƙi."

Tela ta leƙo ta taga da almakashi a hannu. "Ranar ina wajen haihuwar 'yata. Ba na ce ki tsaya mini ba?"

Da Rediyo ta gane abin da ya faru sai ta tafa hannu, kumfa ta tarwatse. "Wayyo ni! 'Yar'uwa, kin san azabar da na sha? Ni in wuce ƙofar mutum ban ce uffan ba! Har maƙogwarona ya kumbura. Miƙo mini yaron nan, tun yaushe nake son in ja kumatunsa."

Kafin Nas ta yi magana an kwance goyon. Yaron ya yi tsit yana kallon bakin da ke ta zuba. Nas ta fara dariya, dariyar ta ƙare da hawaye, ta sa bakin mayafi tana gogewa.

Direba ya danna hon. "Uwar ɗaki, a ɗora ko a bari? Wani aikin na jirana."

Kowa ya juya ya dubi Nas.

"Ba za mu tare miki hanya ba," in ji Kafinta a hankali. "Da kyakkyawar niyya muka yi, amma ke kika sha zafin. In kin tafi ba ki yi laifi ba."

Nas ta dubi motar. Ta dubi dogon teburin da ke cikin inuwa, wanda ba ta taɓa zama a kansa ba.

"Direba, yi haƙuri, je ka aikinka," ta ce. Sai ta taɓa kwalin da ƙafa. "Baba, wannan kada a mayar ɗakina. Murhun gas ne, na saya don kunyar shiga kicin ɗinku. A kai can, kowa ya yi amfani da shi."

Kafinta ya sunkuya ya cicciɓi kwalin.

"Yau girkin wa?" ta tambaya.

"Nawa ne," ya ce.

Rediyo ta gyara wa yaron zama a kafaɗarta, ta girgiza kai. "Allah sarki, 'yar'uwa, ba ki san girkin Kafinta ba. Da kin sani da kin bar kujerar nan a kife sai gobe."