Buhu ko Rumbu

Mushe Sha'ibu, malamin makaranta, bai taɓa yarda da Illo tafinta ba, ni ma da nake ba ku labarin ban yarda da shi ba. Mutum ne mai gaisuwa da yawa, idonsa kuwa kullum yana kan teburin mutane. Kowa a Dogon Dutsi ya san yana nema wa ƙanensa aikin koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kuma gurbi ɗaya ne, na Sha'ibu.

A shekarar 1952 Sha'ibu ya shirya yara goma sha ɗaya don jarrabawar satifika, ta kammala firamare. Dabararsa ba ta da yawa. Kada su fara da labarin da aka ba su, su juya takarda su karanta tambayoyi tukuna, sannan su dawo su nemi amsa. Abin da takarda ta faɗa shi za su rubuta, ko da sun san ba haka duniya take ba.

Ranar jarrabawa wani Bafaranshe sufeto ya zo daga Doso, ya raba takardu da hannunsa. Yaran suka juya su gaba ɗaya, kamar an kaɗa musu ganga. Sufeto ya ɗaga gira. Labarin na wani manomi ne da ya girbe geronsa ya zuba a buhu, aka tambaya ina manomi yake ajiye gero. Yara goma suka rubuta buhu, suka gama da wuri.

Nan Illo ya samu ƙofa. Ya raɗa wa sufeto cewa babu ɗan Arewa da zai ce ana ajiye gero a buhu, sai in wani ya ga takardar ya faɗa musu. Da la'asar aka kira Sha'ibu ofis, aka ce in bai wanke kansa ba, gobe ya miƙa makullin aji. Ya yi bayanin dabararsa, sufeto yana saurare yana buga alƙalami a tebur, ba alamar ya yarda. Tsoro ya kama Sha'ibu sosai.

Sai sufeto ya zaro takarda ɗaya da ta bambanta, ta Jibo, wani dogon yaro daga Geceme, ya sa aka kawo shi. Ya tambaye shi don me bai rubuta irin ta 'yan'uwansa ba, Illo yana fassarawa ba da son ransa ba.

Jibo ya ce, "Mushe ya ce muna mu rubuta abin da takarda tac ce, ko ƙarya ta. Na ga buhun. Amma mu dami muka ɗaurewa mu sa rumbu. Ban iya rubuta abin da babana ka yi ma dariya."

Sufeto ya yi dariya har ya share ido. Ya ce malamin ba ɓarawo ba ne, dabara ce mai kyau, a sallame shi. Sannan ya ja jan layi a kan amsar Jibo, ya juya takardar.

Yara goma suka samu satifika. Maki ɗaya ya rage wa Jibo, shekarunsa kuma sun wuce na sake zama. Ranar da zai koma Geceme ya zo ya durƙusa ya yi wa Sha'ibu sallama, ya roƙi gafara don bai bi dabarar ba. Kunya ta rufe Sha'ibu, don amsar da ta kayar da yaron ita ce ta cece shi.