Ruwan Motar Tukur

…a'a, wannan ba tari ba ne. Tari ai ta san shi. Shekara uku Hure tana jin tarin motar nan kowace safiya daga bayan danga: ta san na sanyi, ta san na shagwaɓa, ta san wanda sai an tura ta har bakin rijiya kafin ta yarda ta tashi. Na yau daban ne. Wani irin huci ta yi, kamar saniyar da cikinta ya kumbura — sai farin tururi, sai shiru. Tsakanin Toranke da Gaya, da buhunan mutane a kanta, ita Hure ma tana ciki.

Yanzu ga ta nan a gindin darbejiyar Maiwada bakanike, an wage mata baki. Hure na zaune a kan wata tsohuwar taya, ta ɗan juya gefe, don ba ta kallon ɗanta ido da ido a gaban jama'a. Ba ta taɓa ba. Tukur ɗan fari ne, ko sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. "Wannan." "Mai motar." Shekara talatin da biyu ke nan. Wannan ɗin ne ya shige ƙarƙashin mota tun hantsi, ƙafafunsa kaɗai ake gani, faso ya tsattsage diddigen… wa zai ce wa Lauratu ta riƙa shafa wa mijinta man kaɗe? Ba dai ita ba. Ba ta shiga tsakaninsu.

Shanu ne suka jawo motar. Shanun huɗa guda biyu, na wani bawan Allah da suka tarar a hanya. Malam, da kana raye da ka yi dariya har rawaninka ya kwance — mota a bayan shanu kamar garma. Shanu huɗu ka bari. Bayan fari ya gama da garken, huɗu suka tsira, har da Ƙyalla, wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai Hure. Ko shekara ba ka yi a ƙasa ba ɗanka ya kora su kasuwar Gaya, ya dawo da wannan abar. Ta wani mai sayen gyaɗa ce da ya gaji da ita. Tun kafin a koma tuƙin hannun dama take yawo, sitiyarinta ma a wancan gefen yake. Mako guda Hure ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ƙyalla… a ba da Ƙyalla a karɓo ƙarfe mai wari?

Amma fa yana kula da motar. Wannan kam gaskiya ce, kuma Hure ba ta tauye wa mutum gaskiyarsa. Ba ya jefar da ko ƙusa. Taya faci kan faci, har ba a gane asalin robar. Ƙofar baya da igiyar rama ake ɗaure ta. Tankin mai ya yi yoyo, ya kwaɓa sabulu ya toshe. Filogi kuwa, kowace Asabar sai ya kwance su ya jera a kan faifai yana kankarewa da reza, yana hura musu iska, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ga dutsen da yake yawo da shi don tokare taya a gangare — dutsen murhunta ne, bai ma tambaya ba. Hannun ubansa ne da shi. Haka Malam yake bin shanu ɗaya bayan ɗaya yana cire musu kaska.

Maiwada na ƙwanƙwasa wani abu. Ƙarar na shiga mata har cikin haƙora.

Ikko.

Ya faɗa ai. Ba ita ya faɗa wa ba, ba ya iyawa. Lauratu ya faɗa wa, a tsakar gida, da murya sama don ta ratsa zana: ranar da motar nan ta yi kwanciyar da babu tashi, Ikko zai tafi. Abokinsa Abdulsalam ya yi masa hanyar tuƙin babbar mota a can. Gona ba ta riƙe gida yanzu, shanu babu… Ikko. Wanda ya tafi Ikko, shekarar farko ya zo sallah, ta biyu ya aiko da sabulu da atamfa, ta uku — ina ɗan Hansai? Ina na gidan Kawu? Shi kaɗai ya rage mata. Mata biyu suna gidajen aurensu, maza uku suna maƙabarta. To ta ce masa me? Kada ka tafi? Da wane bakin? Uwa ta roƙi ɗan fari, a ji a gari?

Shi ya sa ta karɓi ruwan.

Motar na da wani tulu a gaban inji, lagireto suke ce masa, sha yake kamar bijimi a bazara. Wata safiya ta ga Lauratu za ta juye masa ruwan da aka wanke kwanuka, ta fizge bokitin. Tun daga ranar ita ke ɗebowa. Ta tace da tsumma mai tsabta, ta zuba da hannunta kafin kowa ya fito. Ta ji Tukur yana gaya wa maƙwabta, ruwa dai na Inna ne, kada kowa ya taɓa. Wannan maganar… ta daɗe tana juya ta a ranta, tana jin daɗinta a ɓoye kamar mai tsotsar alewa.

Da damina motar ta fara zafi. Ta fara nauyin jiki, ruwan cikinta ya koma ja, mai kauri. Tukur ya rame, ya daina cinye tuwonsa. To dabba idan ta yi nauyi, gashinta ya tashi, cikinta ya ƙulle, me ake ba ta? Kanwa. Wa bai san wannan ba? Uwarta haka take yi. Malam duk wata sai ya daka ya jiƙa a komi, shanu na ture juna. Ƙyalla har lasar hannu take. Abin da ke shan ruwa yana da ciki, abin da ke da ciki kuwa yana son wanki — ina kuskure a nan? Ina?

Kamar ƙwallon dabino ta fara sakawa. Jar kanwa, mai kyau, wadda take ɓoyo a ƙasan tukunya. Kuma ta yi amfani, Allah ne shaida ta yi. Da ya zubar da ruwan a makon nan, baƙi ƙirin ya fito, da dauɗar shekaru. Motar ta yi sanyi, ta yi sauƙi, har ya dawo daga Ajingi yana waƙa. Ta ji shi yana ce wa Lauratu abar nan kamar an sake ta. Hure na ɗaki tana kaɗi, ta yi murmushi ita kaɗai. Sai ta ƙara. Kowace Juma'a. Daga ƙwallon dabino zuwa goro, daga goro zuwa… ba ta gaya wa kowa ba. Ba a tallan maganin dabba, baki na kamawa.

Wata biyar.

Sun ciro shi. Maiwada ya kwantar da lagireton a ƙasa, ga shi nan kusa da ƙafarta, duk gindinsa ya yi fari fat kamar bakin akuyar da ta ci dusa. Me ya sa yake kankara da farce? Me ya sa yake kaiwa harshe? Mutum da girmansa, yana lasar ƙarfe…

"Tukur," in ji Maiwada, yana tofarwa, "fasinja kake ɗauka da motar nan, ko wake kuke dafawa a ciki? Wannan ai kanwa ce."

Masu zaman inuwa suka kwashe da dariya. Wani na cewa a kawo manja da yaji a ƙarasa. Dariya… ba su san komai ba, ba su taɓa kwana da saniya mai naƙuda ba. Maiwada na ta bayani, yana nuni da sifana: kanwar ta wanke tsatsa, gaskiya ne, amma da ta gama da tsatsa sai ta koma kan dalmar da ta riƙe tulun, ta cinye ta a hankali, yashinta kuma ya toshe hanyoyin. Ruwa ya tsiyaye a hanya ba a sani ba, inji ya dahu, kansa ya tsage. Irin wannan kan, sai dai a bincika a Kano, wurin masu tsofaffin ƙarafa. Wataƙila a dace. Wataƙila kuma irinsa ya ƙare a duniya.

Ta cinye. A hankali. Kowace Juma'a, da bismillah.

"Wai wa ke zuba mata ruwa ne?" in ji Maiwada.

Ƙafafun nan masu faso suka motsa. Ya jawo jiki ya fito, baƙin mai har goshi. Yana goge hannu da tsumma, yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana gogewa. Bai dubi inda take ba. Kada ya duba. Ya duba mana — a'a, kada ya duba.

"Rijiyar unguwarmu ce," in ji Tukur. "Ruwanta akwai zartsi. Ni ne ban kula ba."

Zartsi? Rijiyar da ubansa ya haƙa da hannunsa? Wadda mata ke tahowa daga wata unguwa don daɗin ruwanta? Ƙarya yake. A gabanta, ƙiri-ƙiri, ko ƙifta ido bai yi ba. Yana ɗan shekara bakwai ya ce ba shi ya bar maraƙi ya tsotse nono ba, ta zane shi da tsumagiya har Malam ya shiga tsakani. Ba a ƙarya a gidanta. Ba a taɓa ba. Yanzu ga shi da gemunsa yana yi, kuma don ita… ya sani ke nan. Tun yaushe? Yanzu da Maiwada ya lasa? Ko tun ranar da ya tarar da ita tana daka a ƙaramin turmi, ya yi sallama ya koma da baya?

Ya kamata ta tashi. Ta ce Maiwada, rijiya ba ta da laifi, ni ce. Kalma nawa ce? Ta taɓa faɗin wadda ta fi wannan ɗaci a gaban maza, ba ta ji komai ba. Amma in ta faɗa, ta ƙaryata shi a gaban jama'a, ta yaye mayafin da ya lulluɓa mata. In ta yi shiru kuma, ta zauna a inuwar ƙarya, ita Hure. Kuma ko ta faɗa, kan injin zai haɗe ne? Malam, kai da ka iya raba gardama, ka ce wani abu mana… Ranar da aka kora su kasuwa, Ƙyalla na tafiya tana waiwaye, igiya a wuya. Ran nan ma Hure ba ta ce komai ba. Kullum ba ta cewa komai, sai dai ta daka, ta tace, ta zuba.

Ya matso. Ya rusuna daga gefe, yadda ya saba, idonsa a ƙasa.

"Inna, rana ta yi zafi. Bari in nemo miki motar da za ta bi ta gida. Ni zan wuce Kano in duba."

Kano. Daga Kano jirgin Ikko ke tashi. Ba haka ya ce ba, cewa ya yi zai duba. Zai duba ɗin. In bai samu ba fa? Abdulsalam na da ɗan'uwa a tashar jirgi, ta taɓa ji…

Hannunta na kan haɓar zane. Ƙullin kanwar na nan, mai tauri, kamar goro — na gobe ne, gobe Juma'a. Tun jiya ta ware shi, ta zaɓi mafi ja.

Ya miƙe, ya nufi bakin hanya. Rigarsa ta yage a kafaɗa, bai sani ba. Ya kamata ta kira shi. Ta kira shi ta ce… me? Ko ma mene ne. Ya dai juyo tukuna. "Wannan" ba zai kai can ba, kasuwa ta cika, kowa wannan ne. "Mai motar" — wace motar? Sunan na nan a ƙarƙashin harshenta inda ta ajiye shi tun ranar suna, ba ta taɓa taɓa shi ba, ba ta ma san yadda zai fito ba. Ta buɗe baki. Ya kai gindin tsamiya. Ya wuce masu rake…

Bakin nata a buɗe yake har yanzu. Ya bushe ƙayau, kuma ba ta zo da ruwa ba.