Tudun Ƙofar Gidanmu

Layinmu ba hanyar mota ba ne, ko makaho ya shafa ya san haka. Siriri ne, kwata ta ci gefe da gefe, mota in ta shigo babu wurin juyawa, sai dai ta miƙe ta fita ta ɗaya bakin. Shekara da shekaru yara na buga ƙwallo a tsakiyarsa ba wanda ya damu. Sai aka rufe babban titi wai za a yi gadar sama. Ban san wane ɗan iya yi ne ya fara gano layinmu yanke ne ba, amma kafin mako ya zagayo duk wani mai sauri a garin nan ya san ƙofar gidana.

Ni tela ce, keken ɗinkina yana bakin tagar da ke kallon layi, don haka komai a idona ake yi. A idona wata safiya Auta, 'yata mai shekara huɗu, ta sauka daga dakali za ta tsallaka gidan ƙawarta, wani mai babur ya taho kamar an jefo shi. Bai taɓa jikinta ba, silifas ɗinta ɗaya ya yi gaba da shi. Ta tsaya a tsakiyar hanya da takalmi ƙafa ɗaya, ko kuka ta kasa. Shi kuwa ko waiwaye bai yi ba. An ce na bi shi har bakin layi da almakashi a hannu, kai babu ɗankwali. Ni dai abin da nake tunawa, na dawo na ɗauke ta na shige gida da ita.

Mazan layi sun je ofishin masu kula da hanyoyi, aka ce musu ana dubawa. Suka koma, aka ce har yanzu ana dubawa. Maigidana a wani gari yake aiki, sai ƙarshen wata muke ganinsa, saboda haka ranar da aka taru a ƙofar gidan Tsohon Soja ni na je da kaina. Tsohon Soja shi ne babba a layin, yana riƙon jikokinsa, kuma ba ya son doguwar magana. Ya ce tunda babu mai yi mana, kowa ya gina tudun rage gudun mota a ƙofar gidansa, kowa kuma shi ke da iko da nasa. Aka watse a kan haka.

Maginin da aka kira bai zo da abin awo ba. Tsayawa yake a ƙofar gida ya ce mai gida ya nuna masa da hannu inda yake so tudu ya kai. Da ni ya fara, tunda 'yata ce dalilin taron. Na sunkuya na nuna masa tsakiyar ƙwaurina. Ya dube ni ya ce, Hajiya, hanya za a gyara ko katanga za a ja? Na ce ya yi abin da aka sa shi. Kafin simintin ya bushe Auta ta taka shi, sawun ƙafarta ya zauna a gefe, har da yatsu.

Abin da ban hango ba, duk wanda magini ya je ƙofarsa sai ya fara leƙo nawa kafin ya nuna hannu. Wa zai yarda a ce 'ya'yansa ba su kai na tela daraja ba? Mai kemis ya ce a yi masa kamar nawa. Malamar makaranta da ke maƙwabtaka da shi ta ce kamar nawa, a ɗan ƙara faɗi. Tsohon Soja kuwa sandarsa kawai ya kai ya auna nawa ya dawo ya nuna. Kafin magini ya kwashe kayansa layinmu ya koma kamar kunyar gona.

Kuma mun samu abin da muke so, ba zan ɓoye ba. Motoci suka ɗauke ƙafa, masu babur suka riƙa zaginmu suna canza hanya, ni kuwa zagin nan daɗinsa nake ji. Motar shara ma ta daina shigowa, muka koma kai shara bakin layi da kanmu. Tankar ruwa ta tsaya can waje, muka koma jido. Mun yi gunaguni, amma duk wanda ya buɗe baki sai a nuna masa yara suna tsalle a kan tudu, ya yi shiru.

Ana nan sai aka kawo mini Inna. Mahaifiyata ce, ƙodarta ta gaza, likita ya ce sai an riƙa yi mata wankin ƙoda sau biyu a mako, ba fashi. Yayana ya ce gidana ya fi kusa da asibiti, gara ta zauna wurina. An saka mata wata roba a gefen wuya wadda ake haɗawa da injin wankin, aka manne da filasta, aka gargaɗe mu kada ta jijjigu. Na samu wani mai tasi, dattijo mai haƙuri, muka daidaita zai riƙa kai mu yana dawo da mu.

Ranar farko na gane mun haƙa wa kanmu rami. Motarsa 'yar gajera ce, kowane tudu sai ya karkata ta, ya hau da taya ɗaya, ya sauke ɗaya, cikinta na gurzar siminti. Inna ta dafe wuyanta da hannu biyu, ta rintse ido. Dawowa ta fi muni, don bayan wanki jikinta kamar tsumma yake zama. A mako na biyu, a kan tuduna ni kaina, salansar motar ta cire ta faɗi. Mai tasi ya fito ya duba ƙasan motarsa, ya daɗe a tsugune, sannan ya ce mini cikin ladabi shi da wannan motar yake ci da iyali, daga yau a bakin layi zai jira mu.

Daga ƙofata zuwa bakin layi tafiya ce da lafiyayye ba ya ma lura da ita. Inna kuwa ko ƙofar banɗaki sai an riƙe ta. Muka gwada kujerar roba, samarin layi suka ɗauke ta, a tudun mai kemis ɗayansu ya yi tuntuɓe saura kaɗan su zubar da ita. Wani ya kawo shawarar baro. Inna ta ce ita da ranta ba za a tura ta a baro mutane na kallo ba, ba buhun siminti ba ce. Ranar wanki ta gaba ta ce kanta na juyawa, a bari sai wani zuwan. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira yayana a waya ya yi nasa. Ta juya fuska bango.

Nas ɗin da ke kula da ita ta taɓa gaya mini abin da ke faruwa in an tsallake wanki. Ruwa ne zai taru, ya fara daga ƙafa, ya yi ta hawa har ya kai ƙirji. Tun daga ranar da ta ƙi zuwa na koma mai gadin ƙafafun Inna. In na danna yatsa a idon sawunta sai ramin ya zauna. Ɗinki ya gagare ni, na yanka wuyan riga sau biyu a karkace.

Na bi gida gida ina roƙon a rage tudu, ko da rabi ne, mota ta samu wucewa. Babu wanda ya ƙi kai tsaye, kowa ya tausaya, kowa ya yi wa Inna addu'a. Mai kemis ya ce shi a shirye yake, amma me zai hana a fara daga sama. Malama ta ce in nata ya sauka na wasu na tsaye, ƙofarta ce za ta zama filin tsere. Daga ƙarshe na isa wurin Tsohon Soja, yana zaune a benci, ƙaramin jikansa na wasa da murfin kwalba a gabansa. Ya saurare ni har na gama.

"'Yata," ya ce, "kowa a layin nan da naki ya auna nasa. Ki sauke naki, kafin ki ajiye diga na sauke nawa, sauran kuma ki bar ni da su. Amma ki sani, aikin gada bai ƙare ba. Ranar da muka buɗe, ranar motoci za su dawo."

Na sani, ai ba sai an gaya mini ba. Na dawo gida na tarar da Auta a kan tudu tana gwada ƙafarta a cikin tsohon sawunta, tana murna wai ya yi mata kaɗan. Na tsaya ina kallonta, gaba kura baya sayaki. Da na shiga ɗaki ashe Inna ta ji komai ta taga, don a layinmu magana ba ta ɓuya.

"Kada ki taɓa tudun nan," ta ce, tana tsayawa tsakanin kalma da kalma ta ja numfashi. "Ni na ci zamanina. Ki bar wa yarinya abinta."

"Inna, ki daina irin wannan maganar."

"To ki ji ta, ko ba ki so."

Na fita tsakar gida na yi kukana a bakin famfon da ba ya kawo ruwa. Haushin kowa nake ji, masu gada, masu ofis, mai babur ɗin da bai waiwaya ba, har da Inna da ta sauƙaƙa mini abin da bai kamata ya yi sauƙi ba.

Washegari da hantsi na kai mata ruwan wanke fuska na same ta zaune a bakin gado, ta dafa gwiwa da hannu biyu. Ta kasa kwanciya. Numfashinta na fita da wani ƙara kamar ana tafasa ruwa a ƙaramar tukunya, leɓenta ya canza launi. Na kira lambar motar asibiti, aka ce duka sun fita, in jira. Na kira mai tasi, ya ce ga shi nan tafe. Sannan na shiga gidan Tsohon Soja ko sallama ban yi ba, na ɗauko digarsa a bayan ƙofa.

Magini bai cuce mu a siminti ba, wannan kam na shaida. Sara na farko diga ta dawo mini har kafaɗa. Na yi ta sara, ɗankwali ya faɗi, tafin hannuna ya fashe, ban tsaya duba inda sawun Auta yake ba. Can na ji wani sara yana amsa nawa daga ƙasa. Tsohon Soja ne da guduma, ya tuɓe riga. Mai kemis ya fito da shebur, samari suka karɓe mini diga, Malama da kanta tana kwashe ɓaraguzai da kwano. Ba a rushe su duka ba, tsakiya kawai aka fasa daidai faɗin mota. Duk da haka sai da rana ta take kafin mai tasi ya iya shigowa har ƙofa.

Aka sa Inna a kujerar baya, na shiga na jingina ta a ƙirjina. Auta na miƙa wa Malama, na ce ta riƙe mini ita a wuyan hannu, kada ta saki ko da kuka take. Mota ta tashi. Na waiwaya ta gilashin baya, sai ga babura biyu da wata farar mota sun riga sun biyo sawunmu daga bakin layi, na bayan yana danna hon. Auta kuwa sai fizge-fizge take a hannun Malama tana kirana.

Mai tasi a hankali yake tafiya, yana lallaɓawa a kan ɓaraguzai, don yaran layi duk sun fito kallo, sun cika gefen kwata. Sun saba hanya tasu ce. Ga jikan Tsohon Soja can gaba, ƙafarsa ɗaya a kan kwalta, yana neman murfin kwalbarsa. Kan Inna ya yi nauyi a kafaɗata, na ji numfashinta ya tsaya, ya dawo, ya sake tsayawa. Na kira ta ba ta amsa ba.

"Baba direba," na ce, "don Allah ka taka motar nan."

Ya dube ni ta madubi, ya dubi yaran da ke gabansa.

"Ka taka," na ce. "Za su kauce."