Ƙara Ɗaya a Wayar Tagulla

Dermot ya riga ya hau tsani a jikin gidan lokacin da Verna ta fito da silifas, ana yayyafi.

"Kai, ɗan nan, sauko! Wa ya ce ka taɓa mini waya?"

"Mama Verna, ba ni ba ne, kamfanin tarho ne," ya ce daga sama. "Duk garin an koma sabuwar wayar gilashi, gidanki kaɗai ya rage a kan tagulla. Har fada na coci ya haƙura."

"To je ka sake yanke tasa."

'Yarta Glenda, wadda ta taso daga birnin St. John's don a gama wannan aikin, ta riƙo hannunta ta mayar da ita kicin. Dermot ya biyo su yana karkaɗe hula. Tarhon na nan a bango, kusa da murhu, ya dafe saboda hayaƙi.

Masuntan wannan gaɓar suna da al'ada. Duk tashar da jirgi ya shiga, mutum zai bugo gida, ya bar tarho ya yi ƙara ɗaya, ya ajiye. Ba a ɗauka. Ƙara ɗaya na nufin ina raye. Wince, ƙanen Glenda, bai taɓa fashi ba, har kakar da jirginsu ya fita kamun ƙaguwa bai dawo ba. Ko takalmin ɗayansu teku ba ta mayar ba. Tun daga nan, in ruwan sama ya daɗe yana zuba, tarhon yakan yi ƙara ɗaya, ya yi shiru.

"Mama, bari ya gaya miki ki ji," in ji Glenda. "Shekara da shekaru kina zabura a banza."

Dermot ya sosa ƙeya. "Ruwa ne ke shiga tsohuwar wayar, a wajen sandar bakin hanya. Sabuwar kuwa, ko a teku aka jiƙa ta ba za ta yi haka ba."

"Na sani, sarkin surutu. Ka ɗauka na haukace ne? Na san ruwa ne." Verna ta zauna, ta jawo kofin shayinta, ba ta sha ba. "Ai shi ma ruwan ne ya tafi da shi."

Can ta ɗaga hannu ba tare da ta dube su ba.

"Je ka yanke. Na gaji."

Ya fita. Suna jin tsanin yana ƙara a ƙarƙashin nauyinsa. Glenda ta ɗauki tsumma tana goge tebur mai tsabta, tana lissafa amfanin sabuwar wayar, ganin jikoki a hoto, magana da likita daga nesa.

Tarhon ya yi ƙara. Ɗaya.

Verna ba ta motsa ba. Tsumman ne ya faɗi daga hannun Glenda. Ta tsaya tana kallon bangon, tana jiran ƙara ta biyu. Ba ta zo ba.

Glenda ta fita cikin ruwan ba ko riga mai kauri, ta kama ƙafar tsanin da hannu biyu. Almakashin Dermot na kan wayar.

"Dermot. Bari sai rana ta fito."

Ya dube ta, ya dubi hazon da ya rufe tashar jiragen.

"Rana? A garin nan?" ya ce a hankali.

Ba ta saki tsanin ba.