Batulu Labo Ta Sami Aiki

A takarda sunana Batulu Labo. A gidanmu kuwa, wani ƙauye gabas da Cadawa, Furera suke ce mini, kuma su ne da gaskiya. Batulu yayata ce, 'yar farin innarmu. An rubuta ta lakol, wato makarantar boko, tana da shekara bakwai, saura kwana tara a buɗe sai ƙyanda ta ɗauke ta. Maigari ya riga ya miƙa sunayen 'yan mata biyar, kuma ba ya son ya tsaya gaban hukuma da huɗu. Da ya zo yi wa babanmu gaisuwa ya gan ni ina wasan ƙasa, sai ya ce ai tsayinmu ɗaya. Ranar Litinin mushe, wato malamin ajin, ya kira "Batulu Labo", wata yarinya ta zungure ni, na ce "Présente" yadda na ji saura suna faɗi. Shekara talatin ke nan ina amsawa.

Abin bai taɓa damuna ba. A ƙasarmu ba ni kaɗai ce na yi karatu da takardar wani ba. Na girma, na zama malamar Faransanci a wata kolej a Gidan Rumji, aji ɗaya yara tamanin da ɗoriya, rabinsu a ƙasa suke zama. Kafin azahar muryata ta dushe, kafin la'asar na tsani kowa har da kaina.

Sai wata abokiyar aikina, Suwaiba, ta turo mini sanarwa a waya. Wata lakol ta ƙasa da ƙasa a Yamai, irin wadda 'ya'yan baƙi da na manya ke zuwa, tana neman malamin Faransanci. Yara goma sha takwas a aji. Na karanta wannan layin sau uku. Ban ɓoye ba, na so aikin nan kamar in mutu. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun a makon na haɗa dosiye: wasiƙar neman aiki, tarihin aikina, takardun jarrabawa. Abu ɗaya ya rage, sabon kwafin takardar haihuwa mai hatimi.

Na hau mota na je meri ta wajenmu, ofishin magajin gari inda ake ba da takardun haihuwa. Ma'aikacin, wani dattijo Malam Buba, ya ji sunan ya ɗago kai.

"Madam, ba ɗazu da sahe anka karɓa ba?"

Na ce yanzu na sauka daga mota. Ya juyo mini da babban littafin da ake sa hannu. Ga kwanan ranar, ga sunan, an rubuta shi da manyan baƙaƙe masu karkata, an danna biro har ya kusa huda takardar. Duk wanda ya taɓa riƙe hannun ɗan aji ɗaya ya san irin rubutun nan. Na tambaye shi wace ce ta zo. Ya yi tunani, ya ce wallahi fuskar ta ɓace masa. Ya buga mini wani kwafin yana gunaguni, na fito, na ce wa kaina mai suna irin nawa ce.

Bayan mako biyu suka amsa. Za a yi ganawa ta bidiyo ranar Talata, ƙarfe goma na safe. Na wanke lufayata, na shirya darasin gwaji, na yi ta maimaita shi har mijina Abdulhadi ya haddace. Ranar Litinin aka yi ruwa da iska, Talata gari ya waye babu rezo, wato sabis ɗin waya, ko ɗigo. Na hau katangar lakol da zanena ina neman rezo, yara suna kallo. Na ɗauki ɗan kabu-kabu muka bi hanyar Maraɗi ina ɗaga waya sama kamar mai tallar ta. Sha biyu ta yi, wayar ba ta ce uffan ba. Na zauna gindin wata bishiyar bedi na yi kuka mai isata.

Ranar Alhamis ina cikin aji waya ta yi ƙara. Shugabar lakol ɗin ce da kanta, cikin Faransancinta mai laushi. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, ta riga ni. Ta ce sun ji daɗin ganawar ranar Talata ƙwarai, ko da yake hoton bai fito ba, baƙi kawai suke gani. Ta ce muryar dai ta fita tar, har ta yi mamaki, ta zaci muryata za ta fi haka manyanta.

Na dafa tebur. Na ce, "Me na ce muku?"

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Ta ce darasin ya yi kyau, amma abin da ya tsaya mata a rai amsar ƙarshe ce. Da suka tambaya me ya sa nake son aikin, sai na ce na daɗe a bakin ƙofa ina jiran a kira ni in shiga. Ta ce in zo ranar ɗaya ga wata.

Na ce na gode. Me zan ce? Yara tamanin suna kallona, alli ya karye a hannuna ban sani ba.

Asabar na tafi gida wajen Inna. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, na zayyana mata komai. Ba ta daina ɓara ba. Inna ba ta taɓa faɗin sunan Batulu, kunyar 'yar fari, ko mutuwa ba ta cire mata ita ba.

"Ita waccan," in ji ta, "da anka rubuta ta, ubanku ya sayo mata ɗan allo na lakol. Da shi take kwana. Ranar da za ta cika ma tambaya take, an buɗe?"

"To ni mi ne laihina, Inna?"

"Ba ki da laihi, Hurera. Mu munka ba ki, ba sata kinka yi ba. Amma aro aro ne. Ki yi mata sadaka, ki zamna inda kike. Wanga kira ba naki ba ne."

Raina ya ɓaci, kuma har yau ban ce na yi kuskure ba. Wa ya sha bulalar mushe? Wa ya yi karatu da fitilar ƙwai har idanu suka lalace? Wa ya yi shekara bakwai a gidan mutane a garin Agye yana wanke-wanke don ya gama kolej da abin da ya biyo baya? Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma ni na yi gudun. Na yi sadakar, ƙosai da goro, na sa aka yi mata addu'a. Sannan na koma Gidan Rumji na sayi biye, wato tikiti, na motar Yamai.

Ranar tafiya Abdulhadi ya kai ni tasha da hantsi. Babbar motar ta iso daga Maraɗi, mu shida ne za mu hau a nan. Mai kiran suna ya tsaya a ƙofa da takardarsa, kowa sai ya ji sunansa yake shiga. Ya kira huɗu. Na gyara jakata a kafaɗa.

"Batulu Labo!"

Na ja numfashi zan amsa.

"Présente!"

Daga cikin motar ta fito, siririya, cike da murna, muryar yarinyar da aka yi wa sabon ɗinki. Mutumin ya ja layi a takarda ya kira na shida.

Na ce, "Malam, tsaya. Ni ce. Ga biye na."

Na laluba jaka. Dosiye na nan, katin ɗan ƙasa na nan, biye babu. Ya ɗaga wanda ke hannunsa, an riga an yage gefensa. Ya ce, "Hajiya, mai wurin ta shiga, kowa ya ji ta. Mota ta cika."

Na zagaya ta taga ina leƙe. Kujera ta goma sha bakwai, tawa, ba kowa a kai. Amma tsohuwar da ke kusa ta tattare zanenta ta matsa gefe, tana murmushi tana duban ƙasa-ƙasa, tana miƙa dabino. Na buga gilashin. Ba ta ko waiwayo ba.

Na juya in kira Abdulhadi ya yi musu magana. Yana tsaye inda na bar shi, yana ɗaga wa motar hannu.

Mai kiran suna ya ga halin da nake ciki, ya tausaya. Ya zaro biro ya ce akwai wata motar da azahar, zai sa ni a ciki.

"Mi sunanki?"

Na ce, "Furera."

"Kawo kati in gani."

Na tsaya da jaka cike da takardu, na jarrabawa, na aiki, na aure, har na haihuwar 'ya'yana. Ko ɗaya babu Furera a ciki.