Zaman da Na Tarar da Auta

Ni na kashe auren ƙanena da bakina, kuma har yau abin yana cina.

Autanmu kafinta ne. Shekara huɗu yana ɗirkar maganin tari kwalba-kwalba, har matarsa ta ɗauki 'yarsu ta koma gidansu. Da ya fara zuwa asibiti ta dawo, amma da sharaɗi: ya ƙara kurɓa ko sau ɗaya ne, shi ke nan.

Wata uku lafiya lau. Ran nan da rana tsaka na biya ta shagonsa, na tarar da shi zaune a benci cikin dusar katako, ido rufe, hannuwa a kan gwiwa, gumi na ta zuba. Na yi sallama, shiru. To ni fa na san wannan zaman kamar yunwar cikina, haka yake yi idan ya sha. Raina ya ɓaci. Ko ciki ban ƙarasa ba na kira matarsa a waya na ce, "Mutuminki ya koma ruwa."

Kafin ya tashi aiki ta kwashe kayanta.

Ya zo har ɗakina. "Yaya, wallahi ban sha ba."

"Rufe min baki! Na gaji da rantsuwarka."

Bayan sati biyu likitarsa ta ce wani daga dangi ya zo. Na je ina hura hanci. Ta buɗe min wani ɗaki mai kujerun roba. Mutum tara na gani zaune, ido rufe, hannuwa a kan gwiwa.

Ta ce min a hankali, "Abin da muke koya musu ke nan. Idan sha'awar ta taso, ba a kokawa da ita. Mutum ya zauna ya bi numfashinsa, ya lura da inda take matsa shi, ko an kira shi kada ya amsa har ta wuce. Ƙaninki ya fi kowa iyawa, gwajin fitsarinsa tas yake fitowa. Amma sati biyu ke nan bai zo ba. Lafiya?"

Wayyo ni.

Daga nan shagon na wuce. Yana zaune a bencin, ido rufe. Wannan karon na tsaya a bakin ƙofa na jira, ina bin numfashinsa, ina roƙon Allah. Da na sunkuya zan share hawaye sai na hango kwalbar a ƙarƙashin bencin, babu komai a ciki.