Ɗanmaliki da Jirgin Aro

Ɗanmaliki ɗan masunta ne, a wani gari na bakin kogin Kwara cikin ƙasar Bagudo aka haife shi. Tun yana saurayi ya bar ruwa ya kama fataucin albasa zuwa ƙasar Benin ta hanyar garin Lolo, da harka ta buɗe kuma ya daina tafiya, ya zauna a rumfa yana aike. Shekara talatin yana zaune. Tuwon shinkafa da man shanu, shayi mai kauri safe da yamma, har teɓa ta hana shi sujada, sai a kan kujera yake salla. In ya yi taku ashirin, na nesa ma yana jin numfashinsa.

Ranar da jiri ya kayar da shi a kasuwa, matarsa Batulu ta matsa aka kai shi asibiti. Ma'aikaciyar jinya, Halima Sa'adiya, ta ɗora shi kan sikeli, ta auna jininsa, sannan ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa mai shekara sittin da ɗaya ba ya wasa da irin wannan ƙiba. Ya rage gishiri da maiƙo, ya raba tuwonsa biyu, ya riƙa motsa jiki kullum. Ya ce gwiwoyinsa ba za su ɗauki tafiya ba. Ta ce to ya nemi aikin da hannu zai yi.

Abin da ya kai shi wurin Baba Ango ke nan, ƙanen mahaifinsa, tsohon masunci. Akwai wani ƙaramin jirgi kife a gindin giginya bayan gidan tsohon. Ambaliyar shekaran bara ce ta kawo shi daga wajen Benin ba kowa a ciki, aka yi cigiya har aka gaji. Ango bai taɓa fita kamun kifi da shi ba. Ya ba Ɗanmaliki aro da filafilin tuƙi ɗaya.

Makon farko kafaɗunsa kamar an yi musu dukan sakwara. Amma hannu bai manta ba. Kullum da hantsi yakan tuƙa ya hau ruwa har wani tsibiri, ya juyo ruwa ya kawo shi gida. Cikin wata uku rigunansa suka yi masa yawa. Wata Juma'a ya ture kujera ya kai goshinsa ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba don kada a ga hawayensa. Batulu ta raba waina sadaka.

Ango ne ya fara lura. Yana zaune bakin gaɓa yana gyaran komar kamun kifi, ya ga shigowar jirgin, ya tambayi Ɗanmaliki ko duwatsu yake ɗorawa a gaba. Mai tuƙi a baya yake zama, don haka goshin jirgi sama ya kamata ya yi. Wannan kuwa goshinsa ne a nutse.

Ɗanmaliki ya yi dariya, amma washegari ya duba. Haka ne. Ya kife jirgin ya bi shi da hannu, babu ɓaraka, babu inda ke yoyo. Sai dai katakon zama na gaba kullum a jiƙe yake, ko da rana ta busar da sauran. Bayan kwana kaɗan wasu mata masu wanki suka gaishe shi da ya wuce, sannan suka sake russunawa suka yi wata gaisuwar, idonsu ba a kansa ba.

Bai gaya wa Batulu ba. Ya ji tsoron ta hana shi ruwa ya koma gidan jiya. Amma ramar ta wuce inda ake so. Yana cin abinci, yana zubewa. Halima Sa'adiya da ta yi ta yaba masa ta daina murmushi, ta tura shi gwaji, ba a ga komai ba. Shi yana sauƙi, jirgin yana nauyi, tazarar bakin jirgi da ruwa ta koma yatsa huɗu, ta koma uku.

Ran nan ya makara, bai kai tsibirin ba sai da rana ta take tsaka. Babu iska, babu kukan tsuntsu. Ya sa filafili zai juya gida, jirgin ya ƙi. Ya ƙara ƙarfi, kamar an kafe shi. Nan ya ji numfashi daga gaba, a hankali, irin na wanda ya gaji da jira. Ya riƙe nasa don ya tabbata. Wancan bai tsaya ba.

Ya karanta duk abin da ya zo bakinsa. Da ya ƙare, bai san abin yi ba sai abin da mai fito yake yi. Ya ce, “Bawan Allah, ina za a sauke ka?”

Goshin jirgin ya karkata da kansa, ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa, wajen Benin.

Ya tuƙa. Ya wuce tsibirin, ya wuce inda ya san sunayen garuruwa, tafin hannunsa ya sale. Duk inda ya kauce, jirgin ya gyara masa hanya. La'asar sakaliya ya shiga wani ɗan rafi, ya tsaya gaban wata tunga mai bukka biyar. Jirgin ya yi wani tangaɗi, goshinsa ya taso, ciyawar bakin gaɓa ta kwanta ta miƙe.

Wata tsohuwa ta fito daga bukkar ƙarshe. Ba ta dube shi ba. Ta zo ta dafa katakon gaba, ta daɗe tana magana ƙasa-ƙasa da Dandanci, yaren mutanen wajen. Daga baya ta kawo masa ruwa a ƙwarya, ta ce da gurguwar Hausa, “Kun daɗe a hanya.”

Bai tambaye ta ko girmamawa ce ta sa ta ce “kun” ba. Ya sha ruwan, ya jingina filafilin jikin jirgin, ya taka da ƙafa ta hanyar da ta nuna masa har ya samu mai babur ya kai shi Lolo.

Kwana uku yana zazzaɓi. Da ya tashi, ramar ta tsaya, jiki ya ɗan ciko daidai misali. Da ya ba Ango labari, tsohon ya ce Allah ya ba shi lada, ya ci gaba da ɗinkin komarsa. Batulu kuwa an ce mata jirgin ya koma ga masu shi, ta kuma bar zancen haka.

Yanzu gwiwoyin suna ɗaukarsa. Kullum bayan la'asar shi da Batulu sukan taka ta hanyar gonakin gero, can nesa da kogi, su dawo kafin magariba. In ta gaji ta tsaya shan iska, shi ma yakan tsaya, ba ya yarda ya yi gaba shi kaɗai.